Shafi Biyu a Gadon Bayan Mama

Babanmu mai fenti ne, kuma ba irin wanda zai watsa wa bango kala ya kaɗe riga ya wuce ba. Shi in ya shiga ɗaki sai ya fara shafa bangon da tafin hannu, ya kankare, ya wanke, ya cike ramuka, ya yi shafin farko, ya jira ya bushe, sannan ya yi na biyu. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a yanka shi, wato faci. In ka nuna masa ɗan wurin da ya ɓare ka ce a gyara, zai ce ko dai a shafe bangon duka daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ka nemi wani. Wai faci ko ya shekara goma sai ido ya gano shi. Mun taso muna jin wannan magana har ta ishe mu.

Ranar da tsani ya zame da shi, ƙugunsa ya karye. Aka yi aiki, ƙashi ya haɗe lafiya lau, har yana takawa da sanda, amma likitoci suka ce shi da hawa sama sun yi sallama. Daga nan Baba ya kwanta. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba. Juya fuska kawai ya yi ga bangon ɗakinsu, bangon da shi da kansa ya shafa wa shuɗi mai haske, ya ƙura masa ido. A kawo shayi ya huce a gefensa. Gemu ya tsiro, ya ƙi aski. In na shigo na ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ce, "Lafiya, Auta," ko juyowa ba ya yi. Mutumin da a da tun daga bakin layi ake jin yana fito da baki, ya koma sai ka kasa kunne kafin ka san yana ɗakin.

Ni ce autarsu, kuma ni kaɗai na rage kusa, don shagon ɗinkina yana ƙarshen layin gidanmu. Kowa ya san ni da baki, ba na iya haɗiye magana. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushi na daina zuwa, na dawo da kaina don ba wanda ya biyo ni. Duk a banza. Tsorona ɗaya ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba: kada kwanciyar nan ta zama ita ce ta ƙarshe.

Ana cikin haka sai ga ƙaiƙayi ya kama Mama a gadon baya, daidai tsakanin kafaɗu, wurin da hannu ba ya kaiwa ta sama kuma ba ya kaiwa ta ƙasa. Fatar ta yi duhu, ta yi kaushi, ta fara tsagewa. Kana magana da ita sai ka ga ta matsa jikin ƙofa tana goga baya, tana amsa maka kamar ba komai. Da na ga ƙofar ce za ta fi mu shan wahala, na rufe shago na ja ta zuwa asibiti.

Likitar fata mace ce mai tabarau, mai magana a hankali, irin wadda sai ka yi shiru kafin ka ji ta. Ta duba, ta rubuta mana wani man shafawa a ɗan bututu irin na man goge baki. Ta ce irin maganin nan ne da ake kira sitiroyid, kuma wannan mai ƙarfi ne, yana kashe kumburi da ƙaiƙayi da sauri, amma ba a wasa da shi. Ta ɗaga manuninta ta nuna mini daga kan yatsa zuwa gaɓar farko. Ta ce in aka matso tsawon wannan, ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu, kuma na Mama bai wuce haka ba. A shafa siriri, a kan ciwon kaɗai, safe da yamma. Kada a rufe da komai, kada ya je fuska, wanda ya shafa ya wanke hannu. Sati biyu, sannan mu dawo ta gani.

Washegari na zo da safe a gurguje, mutane na jirana a shago. Mama ta zauna a kan ɗan benci a ɗakinsu, ta sauke zane daga kafaɗa. Na matso maganin, na dangwala, na murza sau biyu, na ce an gama. Sai na ji murya daga kan gado.

"Wannan ba shafi ba ne. Goge hannu kika yi."

Na waiwaya. Baba ne, ya juyo, ya tokare da gwiwar hannu yana kallonmu da fuskar nan da yake yi wa sabon ma'aikaci.

"To, Baba, in ka fi ni iyawa, bismillah," na ce, don tsokana kawai.

Wallahi sai ga shi ya laluba sanda. Ya sauko, ya ja ƙafa zuwa bakin famfo, ya wanke hannu har gwiwa, ya dawo ya ce in matsa. Na fara karanto masa abin da likita ta ce, siriri, a kan ciwon kaɗai, iyakar gaɓar yatsa. Bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"Auta, ni za ki koya wa shafi? Tun kafin a haife ki nake wannan aikin. Tafi ki ji da allurarki."

Mama ta ɗago ido ta dube ni, ta ɗan girgiza kai, wato in yi shiru. Na fita daga gidan nan ina dariya ni kaɗai a kan titi, har mai gyaran babur ya tambaye ni ko an yi mini albishir ne.

Daga ranar Baba ya tashi. Ya yi aski. Ya ciro tsohuwar rigar aikinsa, mai ɗigon kala iri-iri a ƙirji, ya ce a wanke masa. Kullum da safe sai su tura ƙofar ɗaki, ka ji yana fito a ciki ƙasa-ƙasa, Mama na cewa, "Kai Malam, hannunka da sanyi," shi kuma yana cewa, "Ranki ya daɗe, a daina motsi, aiki ake yi." Haka yake kiran matan da yake wa fenti a gidajensu, yanzu ya ɗora wa Mama. In ya fito sai ya sha shayi da zafinsa, ya zauna a ƙofar gida yana kushe fentin maƙwabta. Har ya fara takawa zuwa shagona ya ce mini rufin shagon ya yi dauɗa.

Komawa asibiti kuwa ta bi ruwa. Mama ta daina goga baya a ƙofa, ni kuma ɗinki ya yi mini yawa. Na taɓa tambayarta ya bayan, ta ce, "Ana nan ana yi." Ina ganin Baba a tsaye da ƙafafunsa, ban ƙara tona maganar ba. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ƙofar ɗakin nan ba ta fasa rufuwa da safe ba.

Wani yadi ne ya tona asiri. Na samo shi mai laushi, ruwan ganye, na ce bari in ɗinka wa Mama riga. Na zo da rana da tef ɗin awo a wuya, Baba ya fita ƙofar gida. Na ce ta cire ta sama in auna kafaɗa. Da ta ɗaga riga sai na ji wani ƙaras-ƙaras. Leda ce, an yanka ta daidai faɗin bayanta, kusurwa huɗu cif, an manne gefunan da salatif.

"Mama, mene ne wannan?"

"Babanki ne. Wai kada riga ta goge masa aiki."

Na ɓare ledar a hankali. Ni tela ce, bayan mutane nake kallo kullum, na san yadda na tsohuwa yake da yadda na yarinya yake. Wannan ban taɓa ganin irinsa ba. Daga wuya har ƙugu fatar ta yi haske, ta bambanta da sauran jikinta, tana ƙyalli, ta yi siriri har ana ganin ƙananan jijiyoyi ja-ja a ƙarƙashi. Ta gefen haƙarƙari wasu dogayen layuka sun tsaga, irin nanƙarwar mai ciki, masu faɗi, launin jini-jini. Inda na cire salatif fatar ta biyo shi, wurin ya yi ja yana tsattsafo ruwa. Ciwon da muka je asibiti dominsa kuwa, ko alamarsa babu.

Na sa hannu ƙarƙashin gado inda na san yana ajiye kayansa, na jawo tsohon gwangwanin fenti. Cike yake da bututun maganin nan, kowanne an matse shi tas, an nannaɗe shi daga gindi har wuya, an jera su kamar za a kai kasuwa. Ashe in ɗaya ya ƙare sai Baba ya ɗauki fankon ya taka zuwa wani kemis, a ba shi sabo, ba wanda ya taɓa tambayarsa takardar likita.

"Mama, yana miki ƙaiƙayi har yanzu?"

Ta hau gyara ɗankwali.

"Mama, da ke nake."

"Ya daɗe da dainawa."

"Ya daɗe! To me ake shafawa? Don me?"

"Rage murya, yana ƙofar gida." Ta juyo ta kalle ni. "Kin ga Babanki kafin, kin gan shi yanzu. In na ce na warke, me zai tashi ya yi da safe?"

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba, da ita, da shi, da mai kemis, ko da ni da nake wucewa ta gaban ƙofar nan kullum ina murmushi. Na ce, "Kin san yadda bayanki ya koma kuwa?" Ta ce ina za ta sani, tana da ido a ƙeya ne? Ta ce dai yana mata ɗan zafi in ta jingina da kujera, ta ɗauka tsufa ne. Na ciro waya na ɗauki hoto na miƙa mata.

Ta daɗe tana kallo. Ta matso da wayar kusa, ta nesanta ta. Can ta miƙo mini ta ce, "To. Kada ki gaya masa shi ya yi."

"Wa zan ce ya yi? Aljani?"

"Ki ce ciwon ne ya canza. Mu je asibitin ni da ke, shi ya zauna a gida."

Na zauna a bakin gado ina jujjuya maganar. In Baba ya ji, na san inda zai koma, bangon nan shuɗi yana nan yana jiransa. In bai ji ba, gobe da safe zai sake matso rabin bututu ya lafta mata, ya rufe da leda yana fito. Kuma likita za ta tambayi nawa ake shafawa, sau nawa, tun yaushe, ba mai amsa wannan sai shi. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, da shi za mu je." Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, ko rigar ba mu auna ba.

Shi kuwa da na ce masa likita na son ganin mai shafawar, murna ya yi. Ya sa riga mai kyau, ya goge takalmi, ya shiga gaba da sandarsa. A mota yana ta nuna mini gine-gine yana faɗin wanda aka yi wa shafi ɗaya aka gudu. Mama na kallon taga.

Likitar ta sa Mama ta zauna a kan gadon dubawa, ta kunna fitila mai wuya ta haska bayan. Ta duba shi sama da ƙasa. Sannan ta tambayi wa ke shafawa.

"Ni ne, likita," in ji Baba, har da gyara zama.

"Yaya kake yi, Baba? Ba ni labari tun daga farko."

Ya ba ta, tiryan-tiryan. Ya ce yana goge wurin da tsumma mai ɗumi, ya bari ya sha iska. Ya yi shafin farko daga wuya zuwa ƙugu, don shi ba ya faci, in aka shafa wuri ɗaya aka bar saura kala ba za ta zo ɗaya ba. Ya jira ya shiga jiki, ya yi na biyu. Sannan ya rufe. Da yamma a sake. Ya ce, "Kin ga ai yadda ya yi sumul, ya yi haske, ba tabo ko ɗaya."

Ta bar shi ya gama, ba ta katse shi ba. Sai ta ce ya zagayo ya tsaya kusa da fitilar. Ta kama yatsansa ta ɗora a bayan hannun Mama, ta ce ya ɗan tsunkuli fatar ya ji kaurinta. Ya ji. Ta mayar da yatsan gadon baya ta ce ya sake, a hankali. Na ga hannunsa ya tsaya.

"Bango in ka ƙara masa shafi, kauri yake ƙarawa," in ji likita. "Wannan maganin ba zama yake a sama ba, shiga yake ciki. In ya sami ciwo sai ya kwantar da shi. In bai sami ciwo ba, ko aka daɗe ana sa shi, fatar yake cinyewa. Hasken da kake gani ba gyara ba ne, fatar ce ta yi siriri. Ledar kuma tura shi take yi ya shige fiye da ƙima, har ya kai ga jini."

Ta nuna masa jijiyoyin, ta nuna masa inda salatif ya ɗaye fata, ta nuna masa layukan gefe. Ta juya hannunsa na dama ta duba kan yatsunsa, su ma sun yi santsi sun tsattsage. Baba ya tambaya, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko zai koma yadda yake. Ta ce kalar za ta dawo a hankali, kaurin ma akwai fatan ya ƙaru in aka kula. Amma layukan nan sai dai su dushe, ba za su tafi ba.

Likita ta ce, "Ciwon da na ba da maganin dominsa ya warke tuntuni. Ba wanda ya lura?"

Na buɗe baki zan ce wani abu, Baba ya riga ni.

"Na lura," ya ce. "Na ga ranar da ya tafi. Ita ba ta ganin wurin, sai na riƙa ce mata saura kaɗan." Ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa. "Na ɗauka mai ne kawai, in bai ƙara ba ba zai rage ba. In na ce an gama aiki, ban san inda zan nufa ba."

"Ni ma na sani, Malam," in ji Mama, ba ta juyo ba. "Jikina ne, na ji ranar da ya daina."

Likita ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ba ta yi musu faɗa ba, ni kuwa da na so ta yi. Ta ce ba za a yanke maganin rana ɗaya ba, don jiki ya saba da shi, in aka tsayar kwatsam fatar za ta iya yin bore ta yi ja ta yi raɗaɗi. Ta rubuta wani mai sauƙi, ta tsara yadda za a riƙa rage shi har a daina, ta ce leda kuma an yi ban kwana da ita. Ta sa aka auna hawan jinin Mama, aka ɗebi jininta don a tabbatar abin bai taɓa cikin jiki ba. Ta sa mana ranar dawowa, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce wannan karon a dawo. Na ce to, kaina a ƙasa.

Daga ƙarshe ta rubuta wani mai na daban, a babbar roba mai faɗin baki. Ta ce wannan ba magani a cikinsa, ba turare, aikinsa kawai ya hana fata bushewa, kuma irin fatar Mama tana bukatarsa har iyakar rayuwa. Shi ba a yi masa awo. A shafa da yawa, bayan duka, safe da yamma, sai dai a ba da ɗan lokaci tsakaninsa da mai maganin. Ta ce, "Wa zai riƙa shafawa?"

Na ji daɗi ya kama ni, na juya ina kallon Baba.

"Auta ta yi," ya ce. "Ni hannuna ya ɓata aiki."

A hanyar dawowa bai kalli gini ko ɗaya ba. Muna shiga gida ya jingine sanda, ya cire takalmi, ya hau gado ya juya wa ɗakin baya. Da yamma ni na shafa wa Mama. Shayin da ta kai masa yana nan inda ta ajiye shi.

Da safe na zo da dabarata. Na zaunar da Mama a kan benci, na buɗe babbar robar, na dangwala na murza sau biyu da gangan, har ina barin gefe guda fari fat. Na ɗaga murya na ce, "Shi ke nan, an gama!" Na saci kallon gado. Ko motsi bai yi ba. Washegari na sake, har na yar da murfin ya yi ƙara, duk a banza. Gemun ya fara tsirowa, rigar aikin tana rataye a ƙusa. Na fita tsakar gida na tsaya bakin famfo na yi kukana, na wanke fuska na tafi shago, na ɓata wuyan rigar wata baiwar Allah.

Da na dawo safiya ta gaba, na tarar Mama ta riga ta zauna a kan bencin, ta sauke zane, ta ajiye robar da ɗan bututun a ƙasa kusa da ƙafarta. An yi ruwa da asuba, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Na wanke hannu na miƙa zan ɗauki robar.

"Ajiye," in ji Mama. "Ba ke nake jira ba."

"Mama, sanyi ake yi."

"Na sani. Zauna."

Na zauna a bakin ƙofa. Mama ba mai yawan magana ba ce, duk surutun gidan ni na kwashe, amma in ta kafe ko mota ba ta ja ta. Ta zauna ta ba gado baya, hannuwanta a kan gwiwa. Tsigar jikinta ta tashi, ina gani. Mai sayar da burodi ya wuce yana kira, aka buɗe shagon walda na gaba da mu. Ba ta motsa ba.

Can ta ce, ba tare da ta juya ba, "Malam, sau nawa na ji ka kana yi wa ma'aikatanka faɗa, kana cewa in mutum ya ɓata wuri ba ya sulalewa ya bar wa wani? Ko su kaɗai ka yi wa dokar?"

Baba bai juyo ba, ita kuwa ta ci gaba.

"Mu biyu muka ɓata shi. Ni na kawo bayan, kai ka kawo hannun. Ga shi na kawo nawa. Ina nan zaune har ka ga dama, in mura ta kama ni kai ka sani."

Na ji gado ya yi ƙara. Ban ɗaga kai ba, tsoro nake kada in kalla abin ya fasa. Na ji sanda ta taɓa ƙasa, na ji jan ƙafarsa ya wuce ni zuwa famfo, na ji ruwa na zuba, ya daɗe yana zuba. Ya dawo yana goge hannu a jikin riga, ya ja kujera ya zauna a bayanta. Ya hura tafin hannunsa ya murza su don su yi ɗumi. Ya kai yatsa ɗaya kan layin nan na gefen haƙarƙari, ya bi shi a hankali daga sama har ƙasa.

"Wannan ne ta ce ba zai tafi ba?"

"Shi ne," na ce.

"Yana miki zafi, ranki ya daɗe?"

"Sanyi nake ji, Malam. Yi abin da ya kawo ka."

Ya sunkuya ya ɗauki ɗan bututun mai magani, ya kwance murfin, ya riƙe shi a hannu yana kallo. Mutumin da ya shafe gidajen rabin garin nan, wanda bai taɓa tambayar kowa yawan fentin da zai ɗiba a buroshi ba. Ya miƙo mini manuninsa.

"Auta," ya ce, "zo ki nuna mini. Daga ina zuwa ina ta ce?"